KAFIN KA ƘIRGA KUƊIN BABUR, KA DUƘA KA DUBA LAMBAR INJI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman mutanenmu na Fulatan, Zarewa, Beli, Gwangwan, Rogo da Karaye.

Kaka ta kama. Duk wanda ya san yankin nan ya san abin da ke biyo bayanta: a sayar da masara da waken suya, sai kasuwar babur ta buɗe. Saurayin da ya kwashe damina yana duƙe a gona burinsa ya hau nasa. Magidanci kuma yana son abin da zai kai iyalinsa asibiti da tsakar dare ba sai ya buga ƙofar maƙwabci ba. To amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, Naira kuma ta faɗi, sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya. Dole talaka ya koma kan na hannu. A kasuwar na hannu kuwa, na halal da na sata a inuwa ɗaya ake jera su, duk an wanke su suna ƙyalli.

Ku lura da yadda muke sayen babur. Mutum zai taka shi ya saurari kukan inji, ya murza ya ga ko yana hayaƙi, ya danna ya ji ƙarfin shoka, ya zaga da shi ya dawo. Daga nan sai ciniki. Idan ya yi ƙoƙari sosai shi ne ya karɓi rasit ya ga lambar da ke jiki ta yi daidai da ta babur, ya ce alhamdulillahi takardu sun cika. Wallahi 'yan uwa wannan bai isa ba. Rasit fa takarda ce, kowane shagon kwamfuta zai iya buga maka irinta har da hatimi. Wanda ya sauya lambar da ke jikin ƙarfe, rubuta ta a takarda ne zai gagare shi? Tambayar da ya kamata mu riƙa yi ita ce: wannan lambar da ke jikin injin, kamfani ne ya buga ta, ko wani ne ya buga ta da guduma a bayan gida?

Na yi 'yan shekaru ina yaron makanike kafin karatu ya ɗauke ni, kuma abin da zan faɗa a nan yawancinsa a gaban maigidana na koya, Allah ya jiƙansa. Idan aka kawo masa babur a ce ya duba kafin a saya, ba ya fara karanta lambar. Tsumma yake sawa a fetur ya goge wurin tas, sannan ya kawar da kansa gefe ya riƙa bin wurin da ɗan yatsa. Ranar da na tambaye shi, "Maigida, me ya sa ba ka kallo?" sai ya ce, "Kai yaro, ido ana yi masa wayo da fenti. Bari hannu ya fara gaya maka." A lokacin dariya abin ya ba ni. Daga baya na gane cewa wurin da aka zauna aka kankare, ko yaya aka gyara shi, sai ya ɗan lotsa, kuma yatsa yana jin wannan lotsawar tun kafin ido ya gan ta.

Babur yana da lamba biyu da ya kamata a duba. Akwai lambar shasi a wuyan babur, inda kan yake juyawa. Akwai lambar inji, wadda a Boxer da ire-irensa take a jikin injin ta hagu, kusa da inda ake taka giya. Ga abin da ake dubawa.

Na farko, fatar ƙarfen da ke kewaye da lambar. Jikin injin babur alminiyam ne da aka narka aka zuba, yana da irin tasa fatar. Idan ka ga inda lambar take ya fi sauran jikin sheƙi, ko ka ga zane-zanen samfefa, ko sawun giranda mai kama da rabin da'ira, ka dakata. Ka kunna fitilar wayarka ka haska ta gefe, kada ka haska ta gaba-da-gaba. Hasken gefe shi ke fito da inuwar duk wani rami.

Na biyu, zaman lambobin. Na'ura ce ke buga su a kamfani, saboda haka suna zama a layi ɗaya, tazararsu ɗaya, zurfinsu kusan ɗaya. Mai bugawa da hannu ɗaya bayan ɗaya yake yi, sai ka ga wata ta haura, wata ta karkace, wata ta nutse fiye da 'yar uwarta, wata kuma ta fito da inuwa biyu saboda guduma ta yi tsalle. Wasu kamfanonin da ɗigo-ɗigo suke rubuta tasu lambar. In ka ga irin babur ɗin da aka san shi da ɗigo-ɗigo ya zo da lamba mai bugun fanci, magana ta ƙare.

Na uku, siffar kowace lamba. Malalacin ɓarawo ba ya kankare duka, ɗaya ko biyu yake taɓawa. Ya mayar da 3 ta koma 8, ko 1 ta koma 4, ko 5 ta koma 6. Idan akwai 8 guda biyu a jerin, ka gwada su da juna. Ta kamfani da ta jabu ba sa taɓa zama iri ɗaya sak. Hanya mafi sauƙi ita ce ka samo wani babur irinsa, na mutumin da ka san a kwali ya saya, ka jera su ka gwada. Ka ɗora farar takarda a kan lambar ka goga fensir, ka yi wa ɗayan haka, ka kalli takardun biyu a rana.

Na huɗu, wuyan babur. Wasu ba sa wahalar kankara, yanke wurin suke yi gaba ɗaya su liƙa na wani babur da ya yi haɗari ya mutu. Nan sai ka nemi sawun walda inda kamfani ba ya walda, da sabon fenti a wuya alhali sauran jiki ya kwana biyu. Idan an cike wurin da fila, ɗan maganaɗisu zai tona asiri, domin ba zai kama da ƙarfi ba. Amma a lura, wannan dabarar a shasi kawai take aiki. Maganaɗisu dama ba ya kama alminiyam.

Na biyar, lissafin lambar kanta. Lambar shasi ta abin hawan zamani gurbi 17 ce, haruffa da lambobi a haɗe, tsarin da ya kafu tun 1981. Ba a sa harafin I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. In ka ga ɗaya daga cikinsu, wanda ya buga bai san aikin ba. Haruffan farko suna nuna ƙasa da kamfani: Bajaj ta Indiya da MD2 take farawa, TVS da MD6, kayan Chana da L, na Japan da J. Gurbi na goma a yawancinsu shekara yake nunawa, L ita ce 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. To idan rasit ya ce an sayi babur sabo a 2021, harafin shekara kuma ya ce 2023, ka ga ɗa ya girmi ubansa ke nan. Tsofaffin babura na zamanin iyayenmu, irin su Vespa, lambarsu gajera ce, wannan lissafin bai shafe su ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙwaƙƙwafi ne na ƙauye. Manyan attajiran duniya ma a kan irin wannan ɗan wurin suke durƙusawa. A Amurka da Turai akwai kasuwar tsofaffin motocin tsere da na ƙawa, inda darajar mota take rataye a kan ko injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Marsandi ƙirar 1955, wadda guda biyu kacal aka ƙera irinta, a kan Yuro miliyan 135. Kamfanin Ferrari tun 2006 ya buɗe sashe guda don tantance tsofaffin motocinsa, ya gwada lambobinsu da kundin ajiyarsa sannan ya ba da shaida. Inda kuɗi ya kai haka, dole 'yan jabu su taru.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na wata motar Amurka mai suna Corvette. Daga 1960 kamfanin ya fara buga wani ɓangare na lambar motar a kan wani ɗan fili da ke gaban injin. Na'urar da ke share saman wannan ƙarfen a masana'anta tana barin wasu siraran layuka miƙaƙƙu, kamar sawun tsintsiya a tsakar gida. Duk wanda zai sauya lambar sai ya share filin, in ya share kuma layukan sun tafi. Shi ya sa masu tantancewa, irin 'yan ƙungiyar masu gyaran tsofaffin Corvette da aka kafa a 1974, da gilashin ƙara girma suke zuwa, su fara neman waɗannan layukan kafin su karanta lambar. Sannan su duba ranar da aka zuba ƙarfen injin, domin ba zai yiwu a ce an zuba inji bayan motar ta bar masana'anta ba. Su kuma gwada siffar haruffan da hotunan wasu injina na gaskiya da aka buga a lokaci ɗaya. Ka ga dai abin da maigidana ke yi da yatsa da tsumman fetur, shi suke yi da kayan aiki masu tsada. Bambancin shi ne, su in aka cuce su kuɗi ne ya tafi. Mu a nan, abin da ke bayan lambar da aka kankare ya fi kuɗi nauyi.

Kafin in zo kan wannan, ga wani abu da masu sayen irin wannan kaya ba su sani ba. Lokacin da aka buga lamba a ƙarfe, matsin yana shiga har can ƙarƙashin inda ido ke gani. Ko an kankare saman, in dai ba a ci wurin da zurfi sosai ba, masu binciken laifi suna goge wurin su shafa wani ruwan asid, sai tsohuwar lambar ta taso kamar inuwa. Wato babur ɗin da kake hawa kana jin asiri ya rufu, sunan mai shi yana nan kwance a jikinsa yana jiran rana.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan mutunci, ba zan kama suna ba. Shekara biyu yana tara kuɗi, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu ta cika masa. Wani baƙon dillali ya haɗa shi da babur mai kyau a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, wai mai shi matarsa ce a asibiti yana neman kuɗi da gaggawa. Ga rasit, ga makulli. Bai yi wata biyu yana hawa ba aka tsare shi a wani shingen bincike, aka duba wuya aka ga sawun giranda. Ya kwana a rufe. Dattawa suka yi ta zarya kafin a ba da belinsa. Babur ya tafi, wayar dillali tun ranar ba ta sake shiga ba. Da na je yi masa jaje, abin da ya ce min shi ne, "Yaya, wallahi ban sani ba." Na ce na yarda ba ka sani ba. Mahaifiyarsa tana daga ɗaki ta ce, "Ni ba tumakin ne suka dame ni ba, sunan da aka kira shi da shi a gaban mutane ne." Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi.

Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: babur ɗin da aka sayar da rabin kuɗinsa, daga ina ya fito? Wani an ɗauke shi ne a ƙofar masallaci mai shi yana sujada. Wani a bakin kasuwa. Wani kuwa ɗan acaɓa ne aka tare da magariba, aka ce ya kai mutum wani ƙauye, washegari aka tsinci gawarsa a gona. Duk mai bin shafin kakakin 'yan sandan Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, ya sha ganin hotunan baburan da aka ƙwato an jera su. Kowane ɗaya a cikinsu akwai gidan da aka yi kuka a kansa. Ɓarawo ba hawa yake sata don ya yi ba, ya san akwai mai saye ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu kuma zamanmu ya sa abin ya fi shafar mu. Ƙaramar hukumar Rogo tana bakin iyaka ne, ga Katsina ta ɓangaren Kafur da Danja, ga Kaduna ta ɓangaren Makarfi. Babur ɗin da aka sace da safe a wata jiha, kafin la'asar ya shigo wata ta hanyar gona, inda ba wanda ya san shi. Hukumomi ma sun san haɗarin kasuwar na hannu. A 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka a Katsina, har da hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi. A shekarar ce kuma Kaduna ta hana hawa babur na wata uku. Dalili a fili yake, babur shi ne ƙafar 'yan bindiga. Kuɗin da ka miƙa wa wanda ba ka sani ba, ba ka san aljihun da zai ƙare a ciki ba.

Ta fuskar doka, kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi hukunci ga mai karɓar kayan sata, kuma bai tsaya kan wanda ya sani kaɗai ba, har da wanda ke da dalilin da zai sa ya gane kayan na sata ne. Farashin da ya faɗi warwas dalili ne. Lambar da aka kankare dalili ce. Ta fuskar addini kuwa, malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa idan mai kaya ya zo da hujja, kayansa zai ɗauka, kai kuma ka je ka nemi wanda ya sayar maka. In ka same shi ke nan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Amma a nan dole a yi adalci. Ba duk babur ɗin da lambar injinsa ta saɓa da takarda ne na sata ba. Inji yana bugawa a sauya shi. Dutse yana fasa jikin inji a je Ƙofar Ruwa a sayo wani a ɗaura. Tsatsa da ruwan damina suna cinye lamba. Mutumin kirki zai gaya maka haka da bakinsa tun kafin ka tambaya, ya nuna maka rasit ɗin injin, ya kai ka wurin makaniken da ya yi aikin. Saboda haka in ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka mayar da kuɗinka aljihu ka yi sallama. In zargin ya yi ƙarfi, ka sanar da mai unguwa ko 'yan sanda. Don girman Allah kada a yi ihun ɓarawo a kasuwa. Mun ga yadda ihu ɗaya yake sa a kashe mutum, daga baya a gano ba shi da laifi.

Na san abin da ke hana mu dubawa: kunya. Mutum yana jin in ya durƙusa yana haska fitila kamar ya zargi mai kaya ne. Na taɓa raka wani kawuna sayen babur, da na fito da tsumma sai mai shi ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, ɓarawo ka ɗauke ni?" Kawu ya ce masa, "A'a Alhaji, kai ma ai saya ka yi. Muna duba wanda ya sayar maka ne." Sai ya yi dariya ya matsa. Muka duba, lamba lafiya lau, aka yi ciniki. Mai gaskiya minti biyar na dubawa ba ya rage shi da komai. Wanda ka ga yana ta kallon hanya, yana cewa a yi sauri akwai wani mai saye yana jira, kai ma ka san abin yi.

Ga shawarata a taƙaice. Kada ka sayi babur da dare, kada ka saya a bakin hanya. Ka tafi da makaniken da kai ka zaɓa, ban da wanda dillali ya kawo. A rubuta yarjejeniya da lambar inji da ta shasi a cike, shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa. Ka ɗauki hoton mai sayarwa tsaye da babur ɗin da katinsa na ɗan ƙasa, ka kira lambar wayarsa a gabansa ka ji ta yi ƙara. Bayan ka saya ka je ka yi masa rajista da sunanka.

Ku kuma da kuka riga kuka mallaka, yau ɗin nan ku ɗauki hoton lambobin baburanku guda biyu, ku rubuta a takarda ku ajiye a gida, ku tura wa wani ɗan uwa. Sau da yawa ana ƙwato babur, mai shi ya zo, a ce ya faɗi lambar inji, ya ce shi dai ja ne mai sitika a tanki. Ja nawa ne a garin?

Kira na ƙarshe ga shugabanninmu. Karaye da Rogo suna ƙarƙashin masarauta ɗaya. Ba zai yi wuya ba a umarci dagatai da masu unguwanni, tare da shugabannin dillalai da na makanikai, su ajiye littafi guda a kowace kasuwa, duk babur ɗin da ya sauya hannu a rubuta lambobinsa da sunan mai sayarwa da mai saye. Littafi da biro ne kawai. Ranar da ɓarawo ya san sai an durƙusa an duba, an rubuta, an ɗauki hotonsa, zai nemi wata kasuwar ba tamu ba.

Makanikai da ke cikinmu, in akwai abin da na bari ku ƙara a ƙasa, kun fi ni hannu a kai. A tura wa duk wanda aka san yana shirin saye a kakar nan.

Allah ya tsare mu da cin haram da saninmu ko ba da saninmu ba. Allah ya jiƙan matasan da aka kashe a kan hanyar neman halal ɗinsu, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.